Karyar da Ba Ta San Ciyawa Ba

Shekara talatin Eirlys Bevan ta yi tana dafa wa yaran firamare abinci a ƙauyensu na yammacin Wales. Da ta yi ritaya, mijinta kuma ya rasu, sai ta koma kwasar karnukan da masu kiwo suka gama tatsa. Karya ce za a kulle a rumfa mai duhu, ta yi ta haihuwa ana sayar da 'ya'yan, ranar da ta gaji a nemi inda za a yar da ita. Eirlys ta yi jinyarta, ta nema mata gida.

Harkar tana da doka ɗaya: ka karɓa a bakin ƙofar gona, ba tambaya, ba kiran suna. Ka kuskura ka buɗe baki, mai gona ya daina kiranka, ya koma wa bindigarsa a bayan rumfa. Shekara goma sha ɗaya tana haɗiye magana saboda wannan, ita da ba ta iya haɗiye magana ba.

Wanda ta fi tsana shi ne Dilwyn Prosser, dattijon coci, mai doguwar addu'a ranar Lahadi. Wata safiya ya miƙo mata wata karya a buhun dusa.

"Ga wata, Misis Bevan. Ta gama aiki."

"Sunanta fa?"

"Suna? Ki ba ta naki mana."

Ya yi dariya. Ita kuwa ta ciji leɓe har sai da ta ji gishirin jini.

Ta sa mata Cadi. Shekararta shida, haƙora sun ruɓe, nonuwa na jan ƙasa, ba ta taɓa ganin ciyawa ba. Irinsu ba mutum ke koya musu ba, ɗan'uwansu suke kwaikwayo. Sai Cadi ta riƙa leƙen Mot, tsohon karen gidan, daga ƙarƙashin tebur. Ya ci, ta ci. Ya ƙetare ƙofa, ta tsaya tana rawar jiki. Wata takwas cur kafin ta ɗora ƙafa a ciyawa. Ranar Eirlys ta zauna a dakali ta sha kuka, ta kuma rantse sai Dilwyn ya ɗanɗana kuɗarsa.

Menna mai raba wasiƙu ce za ta ɗauki Cadi. Da ta ji shirin Eirlys na kunyata Dilwyn a gaban jama'a, ta riƙe baki.

"Haba Anti, ba ya ce akwai wasu karnuka uku da zai ba ki ran Litinin ba? Ki bari mana."

"Ni na ce zan yi magana? Ko uffan."

Asabar aka yi bikin nunin dabbobi na shekara. Dilwyn ne shugaban biki, shi ke ɗaura wa duk wanda ya ci gasa jan ƙyalle. Eirlys ta sa Cadi a gasar karnukan da aka ceto, ta kuwa zo ta ɗaya. Ya taho yana washe baki, kaf ƙauyen na kallo. Cadi na shaƙar warin takalminsa ta baje a ƙasa, ta saki fitsari, ta fasa wani kuka kamar na jariri. Karyar da yara suka yini suna shafawa!

Idanu duka suka koma kan Dilwyn.

"Ikon Allah, Mista Prosser," in ji Eirlys, yadda na baya ma zai ji, "kamar ta san ka."

Fuskarsa ta yi jawur, ƙyallen ya faɗi a taɓo. Matar fasto ta juya masa baya. Kai, daɗi kashe Eirlys! Har ta isa gida tana waƙa a mota, duk da Cadi ta koma ƙarƙashin tebur ta ƙi ko ruwa.

Litinin da safe ta shimfiɗa barguna uku a bayan mota ta tafi. Ta tarar da ƙofar gona da sarƙa, Dilwyn na jingine a ciki, bindigarsa a saɓe a kafaɗa.

"Ina ukun?"

"Waɗanne uku? Ba ni da tsofaffi yanzu, Misis Bevan. Na rage miki wahala."

Ta dubi sabuwar ƙasar da aka tona a gefen rumfa. Shi ya harba, amma ta san wanda ya ɗana masa, kuma har ta mutu ba za ta yafe wa kanta ba.

"Dilwyn," ta ce, karo na farko ba Mista, "shekara goma sha ɗaya karnukan nan ne suka ɗaure mini baki. Yau ka kwance shi da hannunka."

Tana da katin likitan dabbobi na kowace karya da ta karɓa daga wannan ƙofar, guda sittin da biyu, a cikin gwangwanin biskit. Ta biya gida ta ɗauko, ta miƙi hanyar ofishin masu ba da lasisin kiwo. Barguna ukun suna nan a baya yadda ta shimfiɗa su.