Jakin da Aka Tura a Amalanke

A shekarar da aka rufe mana makaranta saboda tashin bama-bamai, na dawo gidanmu a unguwar Bagadaza ta Gombe da littattafaina. Wuni nake yi a ɗaki ina bitar darussan da babu wanda ya san ranar jarrabawarsu. Ni ba mai yawan magana ba ce. Ko baƙi aka yi, gaisuwa nake yi in sulale.

A lokacin ne Baba ya ba wasu 'yan gudun hijira daga Borno ɗakin da ke kusa da zaure. Wani magidanci ne da mahaifiyarsa, tsohuwar da ƙafafunta suka daina aiki tun kafin rikici. Iya muke ce mata. Na ukunsu jaki ne. Shi ya ɗauko Iya a bayansa tun daga ƙauyensu, ta cikin daji, har inda suka sami babbar mota. Direba ya ce a bar jakin a nan, Iya ta ce to a bar su tare. Haka aka loda shi.

Da suka iso, inda akumari ya zauna a bayansa ya zama miki, ƙudaje sun yi masa ƙwai. Inna ta ce a riƙa wankewa da ruwan gishiri, aikin kuma ya faɗo kaina, don ni ce ba na ƙyanƙyami. Safe da yamma nakan tsuguna da tsinken tsintsiya ina ciro tsutsotsi ɗaya bayan ɗaya. Iya tana kan tabarma a bakin ƙofa tana kallona. Barbarci kawai take ji, ni kuma ko gaisuwa ban iya ba, sai hakan ya yi mini daɗi, don babu mai jiran in ce wani abu.

Wata safiya jakin ya kwanta ya ƙi tashi. Kafin hantsi wani mai sayen fatar jakuna ya ji labari, ya zo ya tsaya a kansa yana cewa gara a sallama masa tun da sauran numfashi. Ɗan Iya ya sunkuyar da kai yana saurare. Sai ga Iya ta jawo jiki a ƙasa da hannayenta har inda jakin yake, ta ɗora tafinta a wuyansa. Mutumin ya ce zai dawo gobe. Ranar ko kunu Iya ba ta sha ba.

Na ji a rediyon Baba cewa likitocin dabbobi sun kafa rumfa a wani fili a Barunde, suna duba dabbobin 'yan gudun hijira kyauta. Yadda za a kai shi ne abin tunani. Wani mai motar a-kori-kura da aka kira ya leƙo ya ce ba za a mace masa a mota ba. Na yi ta juya maganar a raina, daga ƙarshe na saka hijabi na nufi Kasuwar Gombe wurin kawuna, ƙanin Inna, wanda dako yake yi. Na same shi cikin abokan aikinsa suna cin rogo a inuwar wani shago.

"A'a, 'yar boko! Yau littafin ya ƙare ne?"

"Kawu, kaya ne za a ɗauka," na ce, muryata da ƙyar take fita.

"Buhu nawa?"

"Jaki ne."

Suka fashe da dariya. Kawu ya ce, "Mu da muke aikin jaki, yau kuma jakin za mu ɗauka?" Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Tashi, malam, ɗan'uwanka ne ba shi da lafiya. Zumunci ya kama ka." Na faɗa musu labarin Iya a gajarce, idona a ƙasa. Dariyar ta lafa. Dattijon ne ya fara miƙewa ya jawo amalankensa.

Da muka iso gida suka shimfiɗa buhuna a amalanken, suka ciccibi jakin suna ta "a hankali, a hankali." Inna ta ba da tsohon zane aka lulluɓe shi saboda rana. Ni da ɗan Iya muka bi su, a hanya muka iske shingen sojoji. A wancan lokacin kaya a lulluɓe ba abin wasa ba ne. Wani soja ya daka mana tsawa tun daga nesa, ya ce mu tsaya a nan, mutum ɗaya ya buɗe. Kawu ya yaye zanen a hankali, jakin ya ɗago kunne ɗaya. Sojan ya matso ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai, ya ɗaga mana hannu mu wuce.

Filin cike yake da awaki, tumaki da shanun noma waɗanda haƙarƙarinsu ya fito. Wata likita mai safar hannu ta duba jakin. Ta yanke naman da ya mutu, ta wanke, ta yi masa allura, ta rataya masa ruwa ta jijiyar wuya. Ta ce a bar shi a ƙarƙashin rumfa. In ya tashi da kansa ya nemi abinci, zai rayu. Sannan ta dubi ɗan Iya ta ce, "Amma malam, ya gama ɗaukar kaya. Bayan nan ba zai sake ɗaukar akumari ba." Na san yana da burin ya riƙa jigilar yashi da shi don su sami na abinci. Duk da haka ya ce, "Ba komai, likita. A yi masa."

Kullum muna zuwa dubawa, kullum yana kwance. In muka dawo, Iya takan dubi fuskar ɗanta kawai, ta kurɓi kunu kaɗan ta ture kofin. Sai wata safiya muka tarar da shi a tsaye, ƙafafu na rawa, ya zura kai yana cin harawar akuyar wani, mai akuyar yana faɗa.

Da ƙafarsa ya dawo gida, muna tafiya muna tsayawa. Aka ɗauko Iya aka zaunar da ita a zaure. Ta shafa gefen mikin da yatsunta, ta kama kunnensa ta ja, ta shiga yi masa magana da ƙarfi, hawaye na bin kumatunta. Na yi ƙarfin hali na tambayi ɗanta me take cewa.

Ya yi murmushi ya ce, "Faɗa take yi masa. Wai ba shi da kunya, ya kwanta manyan mutane suna tura shi a gari kowa yana gani."

Iya ta juyo ta miƙa wa Inna hannu, ta nuna bakinta. Inna ta tashi da sauri ta nufi madafa.