Shiton Zuera Ya Samu Lamba

A unguwar Mamobi, mutanen layin da ke bayan tashar motocin haya da ake kira toro-toro sun san ranar da Zuera take soya yajin nan na mai da ake kira shito, domin tari ne yake sanar da su. Barkono da busasshen kifi da citta su haɗu a cikin mai, ƙaurin ya bi lungu har bakin titi. Wajen mahaifiyarta, Mma Adisa, ta koyi sana'ar. Ita Mma Adisa shinkafa da wake take sayarwa, shito kuwa cokali ɗaya ne a gefen ganye. Zuera ce ta lura mutane sun fi zumuɗin na gefen, sai ta fara ɗura shi a tsofaffin kwalabe da take wankewa. Iyaye suka riƙa saya wa 'ya'yansu na makarantar kwana, maniyyata kuma suna cusa shi cikin kayan Makka.

Mijinta Zakaria direban toro-toro ne tsakanin unguwannin Nima da Madina, shi yake sauke mata kaya a shagunan can. Wata rana da la'asar ya dawo da kwalin shiton yadda ya tafi da shi.

"Sun ƙi karɓa," in ji shi. "Wai an tsananta doka. Duk abincin kwalba da ba shi da lambar hukuma kwashewa za a yi, a ci tarar mai shago."

Zuera ta dubi kwalin, ta ce, "To ai sai a samo lambar."

Zakaria ya yi dariya, don a saninsa masu masana'anta ne suke da lamba. Amma ita ta riga ta ji a shirin Hausa na rediyo cewa gwamnati ta buɗe wa ƙananan masu sana'a hanyar rajista mataki-mataki, ba sai mutum yana da injuna ba.

A wajen wani suna ta faɗa wa ƙawayenta niyyarta. Latifatu mai fura, aminiyarta tun suna makarantar allo, ta jawo ta gefe.

"Ke, ki yi hankali. Ranar da suka rubuta sunanki, ranar masu haraji suka san ƙofar gidanki."

"Haraji ai na daɗe ina biya," in ji Zuera. "Yana cikin mai, yana cikin gas, har abin da nake tura wa mai kifi ta waya sai an yanka. Abin da ya rage kawai, ba wanda ya san ni ce mai biyan."

Ta je ta yi rajista. Bayan ɗan lokaci aka turo mai duba wuri, wata mata 'yar ƙabilar Ga mai fara'a. Matar ta ɗanɗana shiton ta yaba, sannan ta dubi murhun da ke tsakar gida, daf da babbar kwatar unguwa, ta girgiza kai. Ta ce sai an samu ɗaki na musamman mai raga a taga, da famfo, da daɓen da yake wankuwa, da sababbin kwalabe.

Ɗaki ɗaya ne a gidan da ba kowa a cikinsa, shi ne na Mma Adisa, wanda yake rufe tun rasuwarta. Gadon ƙarfenta yana nan, da kabad ɗin gilashi cike da kwanukan da ta shekara tana tarawa. Gidan kuma na gado ne, sai da yardar yayan Zuera, Tajudeen tela.

"Ɗakin Mma za ki mayar madafa?" in ji shi, bai ɗago daga keken ɗinki ba.

"Yaya, ɗakin ɓeraye ne suke kwana a ciki. Ita da kanta a bakin murhu ta ƙare rayuwarta. Kana ganin za ta ji haushi don an hura wuta a ɗakinta?"

Tajudeen ya ci gaba da ɗinkinsa. Kwana biyu sai ga shi da mabuɗi, ya ce gadon dai nasa ne. Zuera ta fito da kwanukan ta wanke ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi. Ta raba wa jikoki mata wasu, sauran ta kai kasuwar Makola ta sayar, ta sayo tayil da raga.

Da aka gwada shiton farko a ɗakin gwaji na hukuma, aka ce ruwan albasa bai gama ƙonewa ba, zai iya lalacewa a kwalba. Wannan ya fi komai ɓata mata rai, don haka uwarta take yi. Ta yini tana mita, washegari ta ƙara lokacin suya. Na biyu ya tsallake gwajin. Ita da bakinta ta ce wannan ya fi daɗewa bai canza ba.

Ranar da lambar ta fito, ta sa aka buga mata takardar mannawa a wani shago a Nima, da sunan Mma Adisa a sama. Shagunan Madina suka karɓa, har wani babban kanti da a da ko ƙofarsa ba ta tunkara. Ta ɗauki mata uku aiki, duk zawarawan layin.

Maganar Latifatu ma ba ta faɗi ƙasa ba. Masu haraji sun zo, kuma sun ci gaba da zuwa. A shekarar da farashin mai ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, Zakaria ya ce ta rage kifi ko ta koma sayarwa a ɓoye. Ta ƙi duka biyun, ta ƙaranta kwalba, ta faɗa wa masu saye gaskiya.

A shekarar ne wakilin unguwa ya kira taro a filin makaranta, ya bayyana cewa gwamnati ta tsuke kashe kuɗi, aikin rufe kwata sai wani lokaci. Mata ba su cika magana a irin taron ba. Zuera ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, gwamnati ta ce in gyara ɗakina, na gyara. Ta ce in biya haraji, ina biya. Ƙudajen da na sa raga dominsu daga kwatarta suke tasowa. Yanzu saura nata."

Aka yi dariya, wasu dattawa suka ɓata fuska. Ba ta tsaya nan ba. Duk lokacin da aka ce wakilin yana ofis, sai ta je da matan aikinta su zauna a benci, su gaishe shi, su tambayi labarin kwata. Kafin damina ta biyu aka kawo falalen siminti aka rufe daga bakin titi zuwa ƙofar masallaci. Sauran har yau a buɗe yake, ita ma har yau tana zuwa ofishin.

Yanzu Zakaria ya daina jigilar fasinja ranar Asabar, kayan matarsa yake rabawa har garin Ashaiman. Zuera kuma tana neman wuri mai faɗi a wajen Madina, domin mataki na gaba na rajistar yana buƙatar ɗakin ajiya daban, kuma ta ce ba za ta tsufa a matakin farko ba.