Na Kai Inna Nima Kallon Wasan Sallah

Ana kiran assalatu muka bar Legas, ni da Inna, kwana biyu bayan mun baro Zariya. A Nima ta birnin Ankara aka haife ta, kuma rabonta da can tun shekarar da aka kori baƙi daga Gana, sama da shekara talatin ke nan. Bana likita ya ce mana yanar da ke idonta tana ƙaruwa. Da muka fito daga asibiti ba ta yi maganar magani ba, sai ta ce, "Ka kai ni in ga gidanmu tun ina iya gani."

Daga Kwatano zuwa Lome hanya ta bi bakin teku. Bishiyoyin kwakwa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya haɗe da sama har ba ka gane iyakarsu. Inna ta jingina kai da gilashi, ta ce ita dai fari kawai take gani, amma tana jin ƙanshin gishiri. A kan iyakar Aflawo muka canza kuɗi, aka ba ni damin sidi har aljihuna ya kumbura, na ɗauka na yi arziki. Kwanon shinkafa da wake biyu ya dawo da ni hayyacina.

Mun sauka Nima da la'asar, a gidan wani ɗan'uwan mahaifinta. Hausar wurin ta ba ni dariya, don matar gidan cewa ta yi, "Mamanka ya gaji, bari ya zauna." Kafin in gyara mata, sai na ji Inna ta amsa da irin wannan Hausar, har da Turanci da yaren Tuwi a ciki. Ban taɓa jin bakinta haka ba.

Washegari muka sha koko mai yaji da ƙosai, muka fita neman gidan. Lungunan Nima ƙanana ne, kafaɗarka na gogar bango, nan tela, can mai gyaran rediyo, ga wata tana tuƙa tuwo a ƙofar gida. Inna ce a gaba, tana shafa bango tana ƙirga kwana. Muka ɓulla wani babban titi, motoci na wucewa. Ta tsaya. Wani tsoho mai sayar da goro ya ce gidajen wurin duk titi ya cinye su tuntuni. Ta daɗe tana duban kwalta, sannan ta ce mu koma. Ko abincin rana ba ta ci ba.

Da yamma ganguna suka tashi. Kwana uku ke nan da Babbar Sallah, ranar da kowace ƙabila ta unguwar ke fitowa da wasanta. Da ƙyar na lallashe ta muka fita. Dagwamba ne a gaba, cikin manyan rigunan saƙi, suna juyawa rigunan na buɗewa kamar lema. Zabarmawa na bin su da goge, Mosawa na dukan manyan ƙorai, Yarbawa sun sha ɗauri iri ɗaya. Hayaƙin tsire ya gauraya da turare, rana ta yi ja ta bayan gidajen unguwar Kanda, komai ya zama kamar a mafarki. Inna ba ta ganin fuskoki sosai, amma da ta ji kiɗa sai ta faɗa mini masu shi kafin su iso.

Mun kai kusa da unguwar Mamobi sai ga matan Ga, mutanen ƙasar, sun shigo da nasu kiɗan don taya maƙwabta murna. Wata dattijuwa a cikinsu ta bar layi ta tsaya a gabanmu, ta ƙura wa Inna ido.

"Ba kai ne 'yar mai goro ba?" in ji ta.

Inna ta kama hannunta, ta shafa fuskarta. "'Yar mai dokunu, kina nan?"

"Ina zan je? Kai ne ya tafi bai yi sallama ba."

Ashe tare suka tashi, uwar wannan tana sayar da dokunu, tuwon masara da ake naɗewa a ganye, a ƙofar gidan kakana. Dattijuwar ta ja Inna cikin fili. Uwata, wadda ko a bikin 'ya'yanta ba ta taɓa taka rawa ba, ta ɗaure mayafi a ƙugu ta shiga. Na tsaya riƙe da takalmanta ina kallo har aka kira magariba.

Kwana huɗu muka ƙara, kullum suna tare a tabarma ɗaya, suna lissafa waɗanda suka rasu da waɗanda suka rage.

Mun iso Zariya lafiya ranar Laraba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, shekara talatin ina tare da Inna amma rabinta kawai na sani, ɗaya rabin yana Nima. Jiya ta sa na sayo kaset, ta rufe ɗaki, ta yi wa ƙawarta magana da waƙa cikin harshen Ga har kaset ya cika. Gobe zan kai wa wani direban Legas, ya miƙa wa masu zuwa Ankara. Ban tambaye ta abin da ta faɗa ba.