Bencinan Baba Kafinta

Duk bencin da ke cocin nan Baba Kafinta ne ya yi shi, tun yana da ƙarfin ɗaga katako da hannu ɗaya. Mutum ne mai taurin kai, ga ƙarancin magana. Matarsa kan ce da bakinsa na aiki kamar zartonsa, da tuni an naɗa shi Fasto.

Bayan cocin akwai wani kwazazzabo. Da can yara na tsallake shi da gudu, amma kowace damina sai ya ƙara buɗe baki. Ya ci shagon mai wanki, ya ci rijiya, ya ci gidajen layin baya. Ranar da ba a yi ruwa ba ma, ana jin ƙasa na zubewa a ciki.

Mutane suka fara tashi. Mai tashi yana neman akwatin zuba kaya, katako kuwa ya yi wuyar samu. Fasto ya ce, "Baba, bencin da babu mai zama a kai, a taimaki 'yan'uwa da shi."

Haka Baba ya koma zare ƙusoshin da ya buga da hannunsa. Ya san wanda ke zama a kowane benci, ya san inda mai gyangyaɗi ke jingina kai. Sai ya mai da bencin mutum akwati, ya ɗora masa a mota, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Abin na cin ransa ƙwarai. Daga baya aka yi wa Fasto canjin wurin aiki, jagorancin sujada ya faɗo kan Baba, mutumin da bai iya doguwar magana ba.

Ya roƙi Ubangiji ya tsai da ramin nan har ya gaji. Ramin bai tsaya ba. Gajiyar ta bar gwiwoyinsa ta shige zuciya, har ya zama in ya durƙusa ba ya samun abin faɗa. Wannan ya fi ramin ba shi tsoro.

Wata Lahadi da safe hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Benci ɗaya ya rage, masu sujada kuma su biyu ne, shi da matarsa. Bangon baya ya tsage har ana hango waje.

"Baban yara," in ji ta, "ka fasa wannan ma mu zuba namu kayan. Wa ya rage da za ka yi wa sujada?"

"Ke ba mutum ba ce?"

"Ni na gaji."

"Ni ma na gaji," ya ce. "Kama can."

Suka ciccibi bencin suka fito da shi bakin titi, suna nishi. Ba su gama ajiyewa ba ƙasa ta yi wani gurnani a bayansu, kwanon rufin cocin ya fara ƙara. Ba wanda ya waiwaya. Iska ta taso, yayyafi ya sauko.

Baba ya cire hula ya tsaya gaban matarsa. Ya buɗe baki, addu'ar ta ƙi zuwa. Ruwa na bin gemunsa.

"Ya Yesu," ya ce da kyar, "ba ni da magana yau. Amma ga mu, mun zo."

Matar ta share fuska da gefen zani, ta ce amin, ta buɗe littafin waƙoƙi tana kare shi da tafin hannu.