Mai Gem da Duniyar da Ba a Harbi

Da sassafe Mai Gem ke ɗaga ƙofar shagonsa na gem, inda yara ke buga wasan bidiyo, ya yi shara, ya goge talabijin, ya warware wayoyin da yara suka cukuikuye jiya. A wannan aikin ya yi furfura, amma har yau matan layi cewa suke sana'ar ɓata 'ya'yan mutane ce. Su ɗin dai ne ke turo yaran in suna son barcin rana.

Bayan katangar shagon Baba Soja yake. Tun da ya dawo daga yaƙi, ƙarar harbi, ko ta gem ce, sai ta firgita shi. 'Yarsa ta zo wurin Mai Gem tana hawaye, ta ce Baba ya kulle kansa a ɗaki, ko tsakar gida ba ya fitowa.

Mai Gem ya kashe sautin shagon, ya ɗauki abin dannawa na gem guda, wayarsa na reto, ya je ya yi sallama a ɗakin Baba.

"Baba, riƙe wannan."

"Ni da na riƙe bindiga ta gaske? Tafi da abin wasanka."

"Wannan babu bindiga a ciki. Jirginka ya sauka wata duniya, can bayan taurari. Ciyawar wurin shuɗiya ce, ga kunya: in ka yi gudu sai ta nutse ƙasa."

"To wa za a kashe?"

"Ba kowa. Yawo ake, ana kallo."

"Aikin banza," in ji Baba. Amma ya danna.

Babu talabijin, babu komai. A bakin Mai Gem gem ɗin yake. Kullum da yamma sai ya zo ya ɗora: bishiyoyi masu tattaki zuwa ruwa, kifi mai iyo a iska, dutse mai numfashi. Matar Mai Gem ta ce ita ko a zamanin zance bai taɓa yi mata baki mai zaƙi haka ba.

Ran nan ya ce, "Baba, akwai tafki a gaba, sai dai daga ɗaki ba a hango shi." Sai tsohon ya ce a miƙo masa takalminsa.

Mai Gem, kai ne ka fito da shi, ɗan albarka, mai sanyin hannu. Kai ne ka ƙera duniya sukutum saboda mutum ɗaya. Mun gode, Allah Ya saka. Duk mai maƙwabcin da ya rufe ƙofa, ya je ya ƙwanƙwasa kamar yadda ka yi.

Sai ka yi sauri yau. Baba na kan bencin shagonka tun ɗazu, yana tambayar kowa me ke cikin tafkin.