Yatsu Huɗu a Bangon Kanti

Babana yana da labari ɗaya da ya ishe mu, na kantin jama'a da ke Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Da ya ce "lokacin da muka sauka daga jirgin ruwa," sai ƙannena su fara sulalewa. Ni kaɗai nake zama, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana, kuma uwa ba ta gudun ɗanta.

Gida tara ne, in ji shi, alhazan da suka zo ba su koma ba, wasu daga Kano, wasu Hausawan Sudan. Suka kama ƙasan wani tsohon bene na dutsen teku. Wannan ya kawo sikeli, wancan ya kawo katako, suna saro gero da kuka da daddawa tare, kowane gida da ranar da yake tsaron kanti. Kakata, wadda gidanta ne na tara, bazawara ce, ba ta da abin kawowa sai hannunta, hannun ma ƙaramin yatsansa ya ƙage tun tana yarinya. Ta kwaɓa laka ta yaɓe bangon kamar yadda ake yi a gida. Mai benen ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan dutse farar ƙasa yake so, laka ba za ta jure danshin Jidda ba. Ko shekara ba a yi ba ta zube.

Daga baya wurin ya zama shagon tela, ya zama ma'ajiyar darduma, ya zama gidan maguna. Jikokin sauran gidajen kuwa, in suna faɗar waɗanda suka kafa kantin, takwas suke cewa. Har aminin Baba, wani tsoho mai gardamar tsiya, haka yake faɗa. Abin yana ci wa Baba rai, ni ma yana ci mini.

Bara aka soma gyaran benen, na ɗauko Baba daga unguwar Safa ya yi ban kwana da wurin. Muka tarar ma'aikata sun ciro tsohuwar kantar da ke manne da bangon ciki. A bayanta ga ragowar lakar nan, ja, busasshiya, da sawun yatsu a jere kamar kunyoyin gona.

Baba ya matsa, ya ƙura ido. "Uwata, zo ki ƙirga mini."

Huɗu ne. Ko'ina huɗu-huɗu.

Ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya kira aminin nasa a waya: "Yalla, hau tasi ka zo ka ga na tara! Halas, gardama ta ƙare." Ya riƙe hannun shugaban ma'aikatan, bai sake shi ba sai da ya yi alkawarin barin wannan gefen yadda yake. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Kafin tasin ta iso, ya naɗe mini ƙaramin yatsana, ya ɗora sauran a kan sawun. Suka zauna daidai.

Ya ce, "Sannu da aiki, Inna."