Ranar da Bahago Ya Tayar da Illo Tsaye

Mamman ne sunansa na yanka, amma a Agadas ba wanda ya san shi da shi. Bahago ake ce masa, don da hagu yake yin komai ban da cin tuwo da gaisuwa. Ya rasu bara da bazara, bayan jinyar wata biyu, ya bar matarsa Zeinabou da ƴaƴa mata uku. Allah ya jiƙan Bahago, ya sa ya huta.

Ubansa mai gyaran rediyo ne a tsohon gari. Bahago ya bar lakwal, makarantar boko, a aji shida ya zauna gefensa, daga rediyo ya koma tele, daga tele ya koma kaset ɗin bidiyo. Da zamani ya juya sai ya sayi tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, ya koya wa kansa ita da tambaya da ɓata dare da rana. Yana da kuma na'urar haska hoto a bango, purojektar, wadda ya saya hannun wani mai yawo da baƙi cikin hamadar Tenere lokacin da baƙin suka daina zuwa. Na'urar tana da taurin kai. Ba ta karɓar hoto sai daga injin faifai, shi kuma injin ba ya karanta komai sai faifan da aka toya, wato aka naɗa masa hoto, yadda yake so. Aikin Bahago ke nan. A kawo masa bikin aure ko na suna a kaset, ko a katin portabul, wato wayar hannu, ya juye shi ya mai da shi abin da injin zai gane.

Akwai wata ɗabi'a tasa da duk gari ya sani. Idan abin da aka kawo na cikin gida ne, ba ya kallo. Yana da tsohon rawani da yake rufe fuskar ordinatar da shi, ya bar ɗan tsaga daga ƙasa inda layin aiki ke tafiya. Sauti kawai yake saurara kaɗan, ya tabbata bai shaƙe ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ajiya aka ba ni, ba kallo ba." Abokai na yi masa tsiya, amma saboda haka ne mata ke aiko masa da nasu ba tare da fargaba ba.

A 2010 damina ta riga ta gaza, hatsi ya yi tsada, sojoji kuma sun karɓi mulki a Yamai. Biki ya ja baya, butik ɗin Bahago, wato shagonsa, ya zama wurin shan shayi. A cikin wannan zaman ne Abdou tela, abokinsa na yarinta, ya shigo da katin portabul ƙunshe cikin takarda.

Ƙanen Abdou, Illo, mai haƙar rijiya ne. Da ruwa ya yi ƙasa sai masu lambun albasa na Tabelot suka kira shi ya zurfafa musu rijiyoyi. Ta huɗu ta rufta da shi. Can aka binne shi, labari kawai ya zo gida. Abin da ya rage na motsinsa shi ne minti tara da matarsa Kadidia ta ɗauka da portabul ranar babbar salla, a tsakar gida.

"Inna ce," in ji Abdou. Yana nufin mahaifiyarsu Habsa. "Idonta ya kusa tafiya, tana so ta ga Illo. Mun nuna mata a portabul, ta kai shi har bakin hancinta, ta ce ba ta ga komai ba sai haske. Likita ya ce babban abu ne kawai take gani yanzu, shi ma ba na daɗewa ba ne."

"Akwai mata a ciki?" in ji Bahago.

"Tsakar gida ce ranar salla, Bahago. Kowa da ɗaurin ƙirji ana ta suya."

Bahago ya jawo rawaninsa.

"Wannan karon dai ka leƙa mana, malam makaho. Ni na ba ka izini."

"Kai ne Kadidia?"

Abdou ya zuba shayi.

Kwana uku aikin ya ci. Hoton portabul ƙarami ne, kuma irin da injin bai taɓa ci ba. Ya juye shi sau biyu faifan ya ƙi. Na ukun ya kai rabi aka ɗauke wuta. A na huɗu ne injin ya haɗiye faifan ya yi ɗan kukansa, muryar Illo ta fito yana dariya, yana cewa a ba shi hanta. Bahago ya kashe nan take. Ya ce aiki ya yi.

Kadidia na cikin takaba, ba ta fita, don haka Bahago ya ɗaura kayansa a bayan moto, babur ɗinsa, ya kai su gidan bayan azahar, lokacin da ake samun wuta. Aka toshe tagar ɗakin Habsa da bargo, aka rataya farin zanen gado a bango. Aka zaunar da tsohuwar kusa da zanen, taku uku. Shi kuma ya zauna yadda ya saba a gidan mutane, gefen na'urar, ya ba hoton baya, fuskarsa na kallon ƙofa.

Ya kunna. Dariyar Illo ta cika ɗakin. Bahago ya jira kuka, ko salati, abin da ya saba ji. Bai ji komai ba.

Can Habsa ta ce, "Wa ya kwantar da shi?"

Kadidia ta ɗauki hoton ne da portabul a tsaye. A cikin juyewa hoton ya faɗi gefe guda. Da Bahago ya ɗaga rawanin ko sau ɗaya, da ya gani. Ga Illo nan a bango, ƙato, kwance a kan damarsa, fuskarsa na kallon mutane.

"Kwanciyar kabari ke nan," in ji Habsa, muryarta ba rawa. "Ba wannan na zo gani ba. Abdou, kama ni in tashi."

Bahago ya san gyaran. Sai an koma butik, a sake juyewa, wuni guda in wuta ta yarda. Ya kuma san tsohuwar nan in ta tashi ba za ta sake zama gaban zanen ba.

"Inna, ki yi haƙuri, laifina ne. Ki ba ni minti ɗaya."

Ya ɗaga na'urar daga kan turmin da aka kife mata, ya juya ta gefe ya rungume.

"Ba can ba," in ji Abdou. "Ka kife shi, kansa na ƙasa."

Ya juya ta ɗaya gefen.

"Yauwa. Ɗaga kaɗan. Ka yanke masa hula. Tsaya nan."

Na'urar ba ta zama a gefenta, don haka dole a riƙe. Kuma ta wannan gefen take fitar da zafinta. Iskar ta dinga dukan damtsensa na hagu. Abdou ya miƙo hannu zai karɓa, Bahago ya ce in aka motsa fitilar na iya mutuwa, ba kuma wata a garin. Haka ya tsaya a durƙushe, idonsa a kan ƙofa, Abdou ya sake kunna faifan daga farko.

Habsa ta koma ta zauna. Sannan ta matsa gaba har inuwar kanta ta shiga hoton.

"Ga shi nan," ta ce. "Kadidia, wannan rigar ai ta yayansa ce."

"Ara ya yi, Inna," in ji Kadidia daga bayan ɗaki.

"Bai mayar ba," in ji Abdou.

"Dubi yadda yake tsayuwa, ƙafa ɗaya a gaba. Ubansa sak." Habsa ta ɗaga hannu ta shafi zanen daidai kuncin. "Ya yi ƙiba ma. Ashe da ƙibarsa ya tafi."

Minti tara suka ƙare. Ta ce, "Ɗan nan, a sake." Aka sake. Ta ce a ƙara, aka ƙara. A karo na uku hannun Bahago ya fara rawa, hoton na rawa tare da shi, sai ya dafa gwiwar hannunsa a kan turmin ya ci gaba. Da aka buɗe taga fatar damtsensa ta tashi ta yi ruwa. Ya ja hannun riga ya rufe, ya ce zafin gari ne. Zeinabou ce ta yi sati biyu tana shafa masa magani tana faɗa.

Washegari ya koma kan aikin. Ya sa Abdou ya zauna gaban ordinatar ya zama idonsa, suka miƙe hoton, ya toya sabon faifai. Ya aika a gaya wa Habsa duk ranar da take so zai kawo na'urar.

Ta aiko masa da dabino cikin ƙwarya, da saƙo. Ta ce ta gode, kada ya wahalar da kansa, ta gan shi tsaye kuma ta riƙe. Kafin ruwan farko ya sauka a shekarar, idon ya rufe gaba ɗaya.